Hukuncin Majalisa Kan Bashin Marai

A wani daji da ke gefen fadama, majalisar dabbobi ta yanke hukunci cewa yabo lada ne idan za a biya ma'aikaci, amma ba a biyan bashi da shi. An yanke hukuncin ne ranar kasuwa a gindin tsamiya, Burtu na shugabanta, kan ƙarar da Marai ta kai, tsuntsuwar nan mai saƙa sheƙa a bakin reshe.

Damina huɗu Marai ta yi a Makarantar Tsara Sheƙa ta Malam Hankaka, wadda ake biya da gero. Uwarta ba ta da shi, sai ta karɓi dami arba'in a wurin Gafiya mai rumbu, ta jinginar da reshen giginyar da zuriyarsu ke kwana a kai tun kakanni. Marai ta fito da sakamako mafi kyau a ajinsu. Al'adar dajin kuwa ita ce sabon mai tsara sheƙa ba a ba shi hatsi a ayyukansa na farko. Ana tara jama'a ne a yaba masa, wai don a san hannunsa. Yanzu bashin ya haura dami hamsin, kuma Gafiya na neman reshen.

Marai ce ta fara magana.

"Ranka ya daɗe, na yi wa Shamuwa sheƙa mai ƙofa biyu, ta tara jama'a ta ce Allah ya yi wa bakina albarka. Na yi wa Balbela, ta ce za ta faɗa wa 'yan'uwanta. Ta kuwa faɗa musu, su ma na yi musu, su ma suka yaba. Damina biyu ke nan ana sanin hannuna, har yau ba a gama saninsa ba. Aikin da aka taɓa ba ni hatsi a kai ɗaya ne, toshe ɓarakar ramin Kurege, mudu uku. Da muka shiga makaranta an ce mana wanda ya fito zai ture bashinsa a kaka ɗaya. Ina so a nuna mini wanda ya ture."

Malam Hankaka ya gyara farin ƙirjinsa.

"Ɗiyata, ilimi ba a auna shi da mudu. Mu ido muka buɗe muku, ba rumbu muka yi alkawari ba. Maganar kaka ɗaya kuwa, an taɓa samun wanda ya yi haka."

"Wa ke nan, Malam?"

"Ɗan Shamuwa."

"A gidan wa ya yi aikin?"

"Gidansu," in ji Hankaka, ya juya ya dubi shugaba.

Shamuwa ta miƙe a madadin masu ba da aiki.

"Ni ban ga abin ƙara ba. Yarinyar nan da ba wanda ya san ta, yau ko'ina a fadama sunanta ake kira. Suna ai dukiya ne. Mu da muka ba ta reshenmu ta gwada hannu, ba mu nemi ta biya mu ba."

Majalisa ta yi na'am da wannan. Burtu ya ce a shaida cewa an biya Marai cikakken lada.

"To alhamdu lillahi," in ji Marai. Ta juya ga Gafiya. "Gwaggo, tunda abin da na samu ke nan, ga shi. Allah ya yi wa rumbunki albarka. Idona bai taɓa ganin gero irin naki ba, kuma zan faɗa wa 'yan'uwana. Dami nawa ya ragu?"

Wasu daga baya suka yi dariya. Gafiya ba ta yi ba.

"Ke yarinya, kada ki raina mini hankali. Gero na bayar, gero za a dawo mini da shi. Romon baka ba ya shiga rumbu. Bashi hanji ne, yana cikin kowa, amma kowa nasa yake ɗauka. Ni na ce ki karanta sheƙa? Tsuntsun da ya ja ruwa, shi ruwa kan doka."

Majalisa ta yi na'am da wannan ma.

Uwar Marai ta nemi izini.

"Ranka ya daɗe, ni ban yi makaranta ba, tambaya ɗaya gare ni. Malam ya ci geronsa tun ranar farko. Shamuwa na kwana a sheƙarta. Gafiya za ta karɓi reshe. A duk cikinmu, wa aka ce ya yi haƙuri ban da mu?"

Burtu ya ce tambayar na da muhimmanci, don haka ba za a yi gaggawar amsa ta ba. Ya tabbatar da hukunci biyun, ya ɗage maganar reshe zuwa bayan kaka. Wa'adin Gafiya kafin kaka yake cika. Da Marai ta tuna masa haka, ya ce wannan ba ya cikin ƙarar da aka shigar.

Ya zuwa tashin majalisa ba a san inda Marai da uwarta za su kwana ba idan wa'adin ya cika. Makarantar Malam Hankaka dai ta buɗe ɗaukar sababbin ɗalibai. Gafiya ta ce ba ta gama tantance masu neman rance ba, tana kan duba waɗanda iyayensu ke da reshe.