Sufeto Aniello da Kwaɓin da Ya Kumbura

A duk lungunmu, kai a duk birnin Napoli ma, babu wanda Allah ya hore wa ido irin na Sufeto Aniello Varriale. Shi ya gaya mana da bakinsa, kuma mutumin da ya shekara talatin da huɗu yana aikin kwastan a tashar jiragen ruwa ai ba zai yi ƙarya ba. Ko akwatin gawa bai taɓa wucewa ta gabansa ba sai da ya ɗaga murfi. Da ya yi ritaya aka ba shi lambar yabo, yana maƙala ta a ƙirji ko da shara zai fitar. A gaban idonsa Sufeto muke ce masa. In ya ba da baya kuwa, Ɗaga-Mu-Gani.

Babban mutum ba ya zaman banza. Sufeto ya duba ya ga wane fanni ne ya fi taɓarɓarewa a gari, ya gano fiza ce, gurasar nan tamu da ake shafa wa tumatir a gasa. Mu da aka yaye mu da ita, ashe duk a cikin duhu muke. Ya sayi littattafai, da sikelin da ke auna ƙwayar gishiri ɗaya, da ma'aunin zafi, da agogo mai ƙararrawa. Sannan ya fito baranda ya yi wa lungu jawabi.

"Jama'a, kwaɓi da ƙaramin ma'aikaci halinsu ɗaya! Ka ɗauke ido minti goma, ya lalace. Matsalar ƙasar nan ke nan, rashin sa ido!"

Kowace tsohuwa a lungun ta san yadda abin yake. Fulawa, ruwa, gishiri, ɗan yis kamar ƙwayar wake. Ka kwaɓa, ka rufe da jiƙaƙƙen ƙyalle, ka tafi sabgarka. Amma wannan hanyar jahilai ce. Sufeto duk minti goma sai ƙararrawa ta kaɗa, ya ɗaga ƙyalle, ya soka yatsa, ya juya kwaɓin ya duba ƙasansa, ya sake luguiguita shi don ya san akwai hukuma. Abin da ke fitowa daga tanderunsa kuwa, sai dai mu ce madalla. Matarsa Amalia takan jiƙa shi a romo tun safe kafin a iya ci da rana.

Da a nan ya tsaya, da babu komai. Sai ya ɗora ido a kan bikin waliyyin lungunmu. Shekara talatin da ɗaya Iya Nunzia ce ke gasa fizar biki, ita ke riƙe da dogon shebur ɗin katako da ake zura ta da shi a tanderun coci. Mijinta ya mutu, 'ya'yanta sun watse arewa, wannan rana guda ita ce ta rage mata a shekara. Sufeto ya rubuta wa limamin cocin, Fada Liborio, takarda shafi shida yana neman a karɓe shebur a damƙa wa masu ilimi. Gaskiya abin ya ɓata mana rai. Shi kuwa Fada, mutum ne mai gudun rigima da son abinci, ya yanke cewa ranar Lahadi da yamma kowa ya kawo kwaɓinsa a gasa, wanda ya fi ya riƙe shebur.

Ranar Lahadi Sufeto ya kwaɓa da sassafe, ya saita ƙararrawa, ya shiga lif zai sauka ya tsinko ganyen ɗoɗɗoya a tsakar gida. Lif ɗin gidanmu ya tsufa. Tsakanin bene na uku da na biyu ya tsaya cak. Mai gyara kuwa ya tafi cin abincin Lahadi gidan uwarsa, kuma ba a taɓa jin wanda ya taso ɗan Napoli daga teburin uwarsa ba. Awa bakwai Sufeto yana ciki yana ba da umarni ta tsakanin ƙarafa.

"Amalia! Ki ɗaga ƙyallen! Ki soka masa yatsa! Umarni ne!"

Amalia ta ce to, ta je ta kwanta. Ta ce rabonta da barcin rana irin wannan tun tana amarya.

Sai wajen ƙarfe uku ta leƙa kicin. Abin da ta gani ya sa ta sauka da gudu ta kira Iya Nunzia, ni ma na bi su, don ba a barina a baya. Kwaɓin ya ninka har ya ɗaga ƙyalle, ya yi sumul, yana rawa in an taɓa kwanon, kumfar iska ta cika shi ko'ina. Iya Nunzia ta daɗe tana kallo. Sai ta juya ta sauka a hankali tana dafa bango, sai da ta ba ni tausayi.

Ƙarfe uku da rabi aka 'yanto Sufeto. Ya faɗa kicin, ya ɗaga ƙyalle, ya ja da baya. Shekara talatin da huɗu ta koya masa abu ɗaya: kayan da ka bari ƙarami ka dawo ka tarar ya kumbura, to da wani abu a ciki.

"An yi mini zagon ƙasa! Wa ya shigo nan? Yau sai na ga abin da aka cusa!"

Ya ɗauki cokali mai yatsu ya huda kowace kumfa ɗaya bayan ɗaya. Ya yayyanka kwaɓin ya leƙa ciki. Ya naushe shi, ya ɗauko sandar murji ya bi ta kansa gaba da baya har ya koma kamar takarda. Bai sami komai ba, amma ya fito yana share gumi, ya ce aƙalla yanzu an tantance kaya.

Da yamma lungu ya cika a bakin tanderun coci. Fizar Iya Nunzia ta fito gefenta a kumbure, da ɗigon ƙuna nan da can. Fada ya naɗe ta gida huɗu kamar yadda ake yi, ta naɗu lumus, ya cinye yana lumshe ido. Aka miƙa masa ta Sufeto. Ya kama zai naɗe, sai muka ji ƙas! Rabi a hannunsa, rabi a ƙasa, tumatir a farar rigarsa.

Sufeto ya gyara lambar yabo, ya fara bayani a kan rashin ingancin itacen tanderun coci. Iya Nunzia ta katse shi.

"Sufeto, bari in gaya maka gaskiya a gaban Fada. Kwaɓin da na gani a kicin ɗinka ƙarfe uku, ban taɓa yin kamarsa ba. Har na ɗauko shebur na hawo zan kawo maka da hannuna. Ina kan matakala na ji kana dukansa, na koma."

A karon farko tun da na san shi, muryar Sufeto ta yi ƙasa.

"To... me aka zuba masa ya tashi haka?"

Iya Nunzia ta saɓa shebur ɗinta a kafaɗa.

"Rashinka," in ji ta.