Kaset ɗin Ta'aziyyar da Na Aika Abijan

Ba zan taɓa mantawa da kaset ɗin da na aika Abijan ba, ko da yake na fi shekara talatin ina ƙoƙari. Na daɗe ina ja da baya kafin in rubuta wannan labari. Sau uku ina farawa ina yagewa (na farko don rubutun ya karkace, na biyu don na ga kamar ina wasa da mutuwa, na uku ban san dalili ba, hankalina ne kawai bai kwanta ba). Abin da ya sa na daure yanzu, akwai tambayar da nake so in yi, kuma ba ta tambayuwa sai an ji labarin.

Ni mutumin Dogarawa ne. Lakwal, wato makarantar boko, a aji shida na tsaya. Wajen ƙarshen shekarun tamanin ina aiki a ƙofar luzin, wato masana'antar siminti ta Malbaza, ina rubuta lambar kowane kamyo, babbar motar kaya, da ya shiga ko ya fita. Aikin ya dace da ni, don ni irin mutumin nan ne da kan kulle ɗaki, ya yi taku goma, ya dawo ya taɓa kwaɗon.

Abu ɗaya na taɓa saya don jin daɗin kaina: rakoda mai cin pil, wato batir, guda shida, daga kasuwar Konni. Kowace Lahadi akwai wata tasha ta can kudu da ke jero waƙoƙin da suka fi tashe a makon, daga ta goma har ta ɗaya. Nakan zauna da kaye da bik, wato littafi da biro, ina rubutawa. Da yake mai gabatarwa yana zuba Faransanci kamar ana korarsa, ba na kama sunayen, sai na riƙa sa musu nawa. Har yau kayen yana nan. Akwai "Wadda mace ke kuka a tsakiya". Akwai "Ta direbobi". Akwai "Mai ganga kamar ana dakan gero", da wata ta Indiya da na rubuta wa "Sarewa, sai haƙuri". Waɗannan waƙoƙi ba wanda ya san ma'anarsu a garinmu, amma za ka ji su wurin mai shayi, ka ji su cikin motar Badaguishiri ranar kasuwa, ka ji tela yana taka keke daidai da su.

Wadda ta fi kama ni wata ce ta mutanen Zayar, Kwango ta yanzu, da ta yi makonni tana zaune a lamba ɗaya. Tana farawa a hankali kamar mutum yana kai ƙara, can tsakiya sai jita ta ɓalle, wani ƙato ya shiga kiran sunayen mutane da garuruwa da ƙarfi. A kaye na rubuta mata "Mai kiran suna". Na haddace ta kaf, ba tare da na san ko kalma ɗaya ba.

Baba, mahaifina, bai san da wannan ba. A wurinsa rakoda ta jin labaru ce da aika saƙo. A lokacin, wanda ke da ɗan'uwa a ci-rani ba ya wahala da takarda: a taru, kowa ya yi magana cikin kaset, a ba direba ya kai. Ni ne mai danna wa unguwarmu, saboda an san ba na wasa da amana.

To, Baba yana da ƙane, Baba Sani, da ke Abijan. Shekara goma sha ɗaya ba su ce wa juna uffan ba, saboda wata gonar fadama ta gado da kowannensu ya ce tasa ce. A gidanmu ko sunan gonar ba a kira. Tana nan ta zama saura, ba mai noma ta. Sai ga labari matar Baba Sani, Inna Haɗiza, ta rasu. Aka kwana biyu. Ran na uku Baba ya kira ni.

"Ka samo kaset sabo hil. Gobe da hantsi za mu yi ma Sani gaisuwa."

Na san nauyin maganar. In kaset ɗin nan ya ɓaci, Baba ba zai sake buɗe baki karo na biyu ba.

Saboda haka da safe na kulle kaina a ɗaki don in gwada na'ura. Na juya kaset ɗin ta baya, don kada in ɓata fuskar da manya za su yi magana (ina nufin in goge daga baya). Na ce "ɗaya, biyu, uku". Na saurara, ya fita. Sai na ce a raina, ai liman muryarsa ƙasa-ƙasa take, Gwaggo Rabi kuwa in ta fara kuka har bakin kasuwa ana ji. Dole a gwada da abin da ke da sanyi da ƙarfi duka. Kun dai gane abin da ya zo mini.

Ban tsaya ga waƙar kaɗai ba. Sai da na fara da muryar mai gabatarwa, da Faransancina na aji shida, na sanar da duniya cewa ga lamba ɗaya ta wannan mako. Na yi sashen kai ƙara. Na yi jita da baki. Da na iso wurin kiran suna, tunda ban san mutanen Zayar ba, sai na kira nawa: "Liman na Dogarawa! Gwaggo Rabi mai fura! Baba Sani, Abijan, gonar fadama na gaishe ka!" Na saurara, na ga kamar ƙarar ta yi yawa, na rage, na sake yi. Wato sau biyu.

Ina cikin sauraren na biyun aka yi sallama, manya sun taru a zaure. Na juya kaset a gurguje, na mayar da shi farko da bik, na fita.

Liman ya yi addu'a. Baba ya matso, ya daɗe yana kallon rakodar kamar ita ce ƙanensa. Sannan ya yi gaisuwar rashi, ya ce: "Sani, mun tsuhwa. Abin da yaw wuce ya wuce. Ka yahe min." Iyakarta ke nan. Gwaggo Rabi, ƙanwarsu, ta karɓa da kuka, ta bi dangi ɗaya-ɗaya tana ba da labarin kowa. Tana cikin cewa "sannan abin da nike so ka sani, Sani, shi ne..." sai kaset ya ce ƙas, ya ƙare.

"A juya," in ji ta.

Baba ya ce, "Ya isa, Rabi. Tun ɗazu maimaici kike."

Da an juya a lokacin, da kunyata ta tsaya a zaure ɗaya. Amma ni hankalina duk yana kan kalmomin nan uku na Baba, "ka yahe min". Idan wani ya danna jan maɓalli bisa kuskure a hanya fa? Idan ƴaƴan Baba Sani suka ɗauki kiɗa a kai fa? Nan take na sa ƙusa na karya ƴan harsunan nan biyu na saman kaset, waɗanda in babu su ba ya goguwa. Duka biyun, don a tabbata. Na naɗe shi a leda, na naɗe a ƙyalle, na ɗinke bakin, na kai wa direban da zai sada shi da motar Abijan a Konni. Har na ce masa kada ya ajiye kusa da inji saboda zafi.

Washegari ina ƙofar luzin, ina tsakiyar rubuta lambar wani kamyo, na ji bakina yana yin jitar nan. Bik ya faɗi.

Na nemi izini na bi motar Konni. A tasha aka ce ai motar Abijan tun jiya ta ɗaga, yanzu ta wuce Doso. Na dawo na rubuta wa Baba Sani takarda cewa kada ya juya kaset. Na yage, don ba abin da ke sa mutum ya juya kaset kamar a ce masa kada ya juya. Na koma lallashin kaina cewa wataƙila ba zai juya ba. Sai in tuna Gwaggo Rabi: "abin da nike so ka sani, Sani, shi ne..." Wane ne zai ji haka bai juya ba?

Wata biyu na yi a haka. Na rame har Inna, mahaifiyata, ta fara jiƙa mini saiwoyi. Baba kuwa, duk motar da ta tsaya bakin hanya sai ya ɗaga kai, ya yi kamar ba ita yake kallo ba. Shi yana jiran ƙanensa, ni na san abin da na aika wa mutumin da ke cikin makoki: kiɗan baki, da gaisuwa daga gonar da ta raba su.

Amsa ta iso wata Alhamis. Bayan la'asar aka taru a zaure, liman da Gwaggo Rabi da maƙwabta, har da waɗanda ba a kira ba. Ni ne mai dannawa. Na yi fatan pil ya mutu, amma ni da kaina na sa sababbi da safe (hali zanen dutse).

Muryar Baba Sani ta fito, ta tsufa. Ya gaida kowa. Ya ce, "Yaya, na ji. Ni ma ka yahe min." Baba ya sunkuyar da kai, Gwaggo ta fara sharɓar kuka. Na ce a raina Allah ya rufa asiri. Sai na ji ya gyara murya.

"Kaset ɗinku ran sadakar arba'in munka saurare shi, ƴan garinmu na nan duk sun taru, da malamai. Rabi ta yanke tsakiyar magana, munka juya. To ga abin da Rabi ke so in sani. Na sa an kwahe muku, don kada ku ce na yi ƙarya."

Na kai hannu. Baba bai ko dube ni ba ya ce, "Bar shi."

Ban san ko kun taɓa jin muryarku tana sanar da lamba ɗaya a gaban limamin garinku ba. Sashen kai ƙara ya wuce lafiya. Jitar baki ta shigo, wani maƙwabci ya sa rawani ya toshe bakinsa. "Liman na Dogarawa!" Liman ya ɗago kamar an kira shi daga bayan gida. "Gwaggo Rabi mai fura!" Kukan Gwaggo ya tsaya cak. Da aka zo kan gonar fadama, na zuba wa tabarma ido, na gane saƙarta ta fi kyau daga gefen hagu. Sannan aka ji ƙas, aka ji ni ina cewa "ya yi ƙara da yawa", aka sake daga farko. Baba Sani bai rage ko ɗaya ba.

Bayan na biyun sai ga dariyarsa, irin wadda ke ƙarewa da tari. Ya ce, "Yaya, tun da Haɗiza tab bar ni ban yi dariya ba sai rannan. Malamai sun so su ɓata rai, sunka kasa. Ita kau gona da tag gaishe ni, ina amsawa. Mu biyu mun bar ta ga ƙaya shekara goma sha ɗaya. In ka yarda a ba mawaƙin nan shi noma ta, don na saurara sau biyu, muryar ga ba ta ci da shi."

Zaure ya ɓarke. Baba ne kaɗai bai yi dariya ba. Ya dube ni tsawon lokaci, ya ce, "Wanga shi ne Faransancin da ankai ta kai ka lakwal dominai?"

Na ce, "Baba, rabi ne Faransanci. Sauran na Zayar ne."

Liman ya ce, "To ɗana, mi waƙar ke cewa?"

Na ce, "Allah gafarta Malam, ban sani ba."

"Ka aika ma masu makoki magana sau biyu, ba ka san mi kac ce ba?"

Baba ya miƙe yana kakkaɓe riga, ya ce, "Gobe ka ɗau gatari ka tahi hwadama, Lamba Ɗaya." Sunan ya bi ni. Albasar da nake nomawa a gonar, in ta isa kasuwar Badaguishiri, albasar Lamba Ɗaya ake ce mata. Jikokina sun ɗauka don ta fi kyau ne, ni kuma ban gyara musu ba.

Darasin da na koya bai taka kara ya karya ba: kafin ka liƙe bakin rumbu, leƙa ka ga ko akuyarka na ciki. Ban daina komawa taɓa kwaɗo ba, sai dai yanzu nakan buɗe in duba ɗakin tukuna, abin da ya ƙara mini aiki.

Baba da Baba Sani duk sun riga mu gidan gaskiya, suna shiri. Liman ma ya rasu, ya bar ni da tambayarsa. Ita ce tawa yau. Ku da kuka yi zamanin kaset, ko kuka zauna ƙasashen kudu: waƙar Zayar ce, ta daɗe a lamba ɗaya a shekarun nan, tana farawa a hankali, jita ta ɓalle a tsakiya, a kira sunaye. Na san an ce mini duk haka suke. Amma in akwai wanda ya gane ta, don Allah ya gaya mini abin da take cewa, in san abin da na faɗa a sadakar arba'in ɗin Inna Haɗiza. In maganar kirki ce, ya faɗa a fili. In kuwa ba ta kirki ba ce, ya same ni a fadama, ni kaɗai.