Ranar da Mai Girma Ya Kara da Mai Girma

Jama'a, jiya na zagi ɗan ƙanwata a gaban mutane, kuma wallahi ba laifina ba ne.

Kun san tun muna samari Kunamun Ƙofar Dumi da Damisoshin Ƙofar Wambai ba sa shan inuwa ɗaya. A filin ƙwallo mu Kunamu ja muke sawa, su shuɗi. Ni da maƙwabcina Zakka mai gyaran babur, ɗan Damisoshi, tare muke karyawa kullum, amma ranar wasa ko gaisuwa babu.

To, bana Mai Girma Inuwar 'Yan Ƙwallo, Allah ya ƙara masa faɗi, ya tuna da mu. Mun roƙi a cike mana ramukan fili. Shi da ya fi mu hangen nesa sai ya gano riga ce matsalarmu. Ya aiko wa Kunamu riguna ruwan ɗorawa, fuskarsa a ƙirji tana murmushi. Saboda adalci, ya aiko wa Damisoshi irinsu sak. Wanda ya ƙi sawa, babu kofi.

Aka hura usur. Mai Girma ya miƙa wa Mai Girma ƙwallo, Mai Girma ya kwashe ƙafar Mai Girma. Alƙalin wasa ya zaro jan kati, ya dubi murmushin nan, ya mayar aljihu.

Bayan hutu an sauya gida, mu 'yan kallo mun manta. Can nesa wani dogo ya zura ƙwallo. Zakka ya daka tsalle, ni kuwa na miƙe: "Ɗan banza mai ƙafa kamar muciya!"

Sai ƙanwata Hamsatu ta ja mini riga. "Yaya, ɗana Sabitu ne fa. Mu ya ci wa."

Zakka ya zauna a hankali. "Malam, wato murnarku na yi?"

"Ita ka yi. Ni kuma na yi maka zagin."

Da aka tashi, Mai Girma ya yi jawabi cewa ya kashe gabar da ta gagari iyayenmu, ya danƙa kofi ga mai ruwan ɗorawan da ya fi kusa da shi. Ashe mai sayar da rake ne da aka ba ragowar riga. Kuma gaskiya ya faɗa, don Kunamu da Damisoshi kafaɗa da kafaɗa suka bi mai rake da gudu har barikin Shadawanka.

An ce baɗi a jikin ƙwallo za a buga hoton nasa. Wannan kam ina goyon baya. Da ciwon gwiwata zan roƙi a sa ni a wasan.