Ranar da Aka Kira Gola na Uku

"Ni ɗin nan da kuke gani," in ji Orest Balaban, yana dukan ƙirji har kofin da ke gabansa yana rawa, "ba don gwiwa ta ci amanata ina saurayi ba, da yanzu hotona ne manne a ɗakin kowane yaro a ƙasar nan. Ƙwallo ba ta wuce ni. Ko sauro ne ya nufo ragata sai ya tsaya ya nemi izini!"

Abokina, in ba ka san Orest ba, to ba ka taɓa shan kofin safe a shagon Myrna ba. Kayan gyaran tarakta yake sayarwa a garinmu Korvik, nan Manitoba ta ƙasar Kanada. Ƙato ne, tumbinsa kan riga shi shiga ɗaki, muryarsa kuma ta riga tumbin. Shi yana kiran kansa Katangar Korvik. Mu kuma, in ya juya baya, Sarkin Baki muke ce masa.

Abin da ya ɗaure masa gindi shi ne wata doka ta gasar hoki, wasan da ake buga 'yar ƙaramar ƙwallo da sanda a kan ƙanƙara. Kowane fili sai an ajiye golan ko-ta-kwana, wani ɗan gari da zai zauna cikin 'yan kallo, ko da gola biyun wata ƙungiya duk za su ji ciwo a wasa ɗaya. Tun da aka kafa ƙungiyarmu ta Kyarketai ba a taɓa kiran irin wannan gola ba. Da mai riƙe da muƙamin ya ƙaura, Orest ya je ya cika kunnen manaja da labarin zamanin samartakarsa, manaja kuwa ya ba shi muƙamin don ya samu ya ci abincin rana. Daga ranar Orest ya samu kujera kyauta kusa da ƙanƙara, ya samu wata ƙatuwar jakar kayan gola da yake ja a baya duk ranar wasa, ya kuma samu abin da ya fi ƙauna a duniya, wato ikon rufe bakin kowa a teburin Myrna. Duk mutuncinsa a kan wannan suna na gola na uku ya rataya, kuma babu wanda ya taɓa ganin sa a raga.

A damunar ƙanƙarar bana gardama ɗaya ce a garin. Wa ya kamata ya tsare mana raga? Akwai tsoho Armand Tessier, wanda ya doshi arba'in, mutum mai sanyin hali da ba ya son hayaniya. Akwai kuma yaro Kasper Lindal, dogo, mai zafin nama da saurin ruɗewa.

"A sayar da Armand!" Orest ya ce. "Tsohon da kafin ya durƙusa sai an aika masa goron gayyata? A sayar da shi tun yana da sauran kuɗi a jiki, a sayo masu tsaron baya biyu, a ba yaro raga."

Merv, direban motar share ƙanƙarar titi, ya ajiye donat ɗinsa. "Haba mutumina. Tsohon nan shi ya ɗauko mu a kafaɗa tun farkon kaka. Yaron naka kuwa in an zura masa ɗaya, sai ya buɗe ƙofa ya ce saura su shigo."

"Merv, ka taɓa tsayawa a raga?"

"A'a."

"To ja bakinka ka yi shiru, gola ne ke magana."

Haka ake ƙarewa kullum. Mu dai sai mu kalli juna mu ci gaba da kurɓar kofi.

Da ya ga koci bai san yana yi ba, sai ya shiga dabara. Farko ya kira gidan rediyo a shirin wasanni. Ya fara da tarihin gwiwarsa, kafin ya iso kan Armand an yanke shi an sa tallan taki. Ya ce ai 'yan rediyon ma an saye su.

Daga nan ya tare Kasper a wurin shan mai, ya riƙe shi cikin sanyi yana koya masa wata tsayuwa ta sirri: ƙafa a wage, gindi a ƙasa, sanda a gaba kamar mai korar kaji. Yaro mai ladabi ne, yana ta "To, Baba Orest, na gode, Baba Orest." Aka yi rashin sa'a koci ya hutar da Armand a wasa na gaba, Kasper ya gwada tsayuwar sirri, aka ɗura masa biyar kafin a je hutun farko. Koci ya mayar da Armand raga, ya kuma hana Kasper shan mai a wannan gidan man.

"Yaron ne bai wage da kyau ba," in ji Orest.

Sai ga wasan ranar Lahadi da rana, mu da ƙungiyar Hankaki, abokan gabarmu tun kakanni. Wanda ya ci shi zai shiga zagayen neman kofi. Bayan an taso daga coci gari ya ɗunguma zuwa fili. Orest kuwa ya zo da babbar dabararsa. Tunda namu manajan ya ƙi sayar da Armand, shi zai nemo mai saye. Ya ja jakarsa ya sauka har ƙofar ɗakin baƙi, inda 'yan wasansu ke shiri, ya tare kocin Hankaki, wani siririn mutum mai cin cingam kamar yana jin haushinsa.

"Yallaɓai, Orest Balaban, gola na uku a filin nan. Ina da tsohon gola na sayarwa, cikin rahusa. Ku ɗauke shi, ai ba za mu rasa mai tsare raga ba, ga ni. Tsakani da Allah, ni a ranar da ban yi barci ba na fi shi."

Kocin ya daina tauna. Ya dube shi sama da ƙasa. "Kai ne na ko-ta-kwana? Kuma ka fi Tessier?"

"Nesa ba kusa ba."

"Madalla. Ka kwantar min da hankali. Golana na ɗaya ya ci wani kifi a hanya, tun safe yana banɗaki. Saura ɗaya gare ni."

Orest ya dawo kujerarsa yana washe baki, ya ce wa matarsa Lorna ciniki ya kusa faɗawa.

An shiga zango na uku, na ƙarshe, ana kunnen doki, ɗaya da ɗaya. Fili ya ɗauki zafi, ana ta buga ƙafa. Can sai golan Hankaki ya miƙa ƙafa zai tare wata ƙwallo, cinyarsa ta ce ba da ita ba. Ya kwanta a ƙanƙara yana dukan ta da hannu. Mutum biyu suka kama shi suka fitar.

Orest ya miƙe yana ihu. "Shi ke nan, sun ƙare! Bari mu ga uban da zai tsare musu raga!"

Lasifika ta yi kaki. "Ana neman golan ko-ta-kwana, Orest Balaban, ya sauko ɗakin baƙi da kayansa."

"Ɗakin wa?" Orest ya juyo ya dubi Merv. "Kuskure suka yi. Ni golan Kyarketai ne."

"Golan fili ne kai, mutumina," in ji Merv, hawayen dariya na zubo masa. "Duk ƙungiyar da ta rasa gola, kai ne nata. Ba su gaya maka ba, ko kana ba da labarin gwiwa lokacin?"

Gogan naka ya ce fitsari ya matse shi. Ya sunkuya ya bi ta bayan kujeru zai sulale, amma mutum mai faɗin Orest ba ya sulalewa. Lorna ta miƙe tana ɗaga wa ma'aikatan fili hannu. "Ga shi nan! Ga shi nan, mai jar hula!" Sannan ta gyara masa wuyan riga. "Je ka, maigida. Shekara da shekaru kai kaɗai kake ganin wasan nan a kanka, yau mu ma a nuna mana."

A ɗakin baƙi aka zuge jakar da ba a buɗe ba tun ranar da ya saye ta a gwanjo. Ɓera ya yi gida a safar hannu, ya kuma cinye rabin maɗaurin ƙafa. Dole aka tuɓe wa mai ciwon ciki nasa kayan aka cusa Orest a ciki, mutum uku suna ja, ɗaya yana danna tumbi. Aka zura masa baƙar rigar Hankaki, rigar da ya sha rantsuwa ko gawarsa ba za ta sa ba.

Ya fito yana dafa bango. Daga ƙofa zuwa raga ya faɗi, ya tashi, ya sake faɗi, daga ƙarshe wani ɗan Hankaki ya turo shi daga baya kamar keken kaya har bakin raga. Fili ya kaure da tafi. "Ka-tan-ga! Ka-tan-ga!" Ni kam a nan tausayinsa ya kama ni, don ta cikin wayar kwalkwalin ina hango idanunsa sun yi zuru-zuru.

Ya gyara tsayuwar sirri. Ƙwallo ta farko ta bi ta tsakanin ƙafafun da ya wage. Ta biyu ta zo ta dama, shi ya faɗi hagu. Ta uku kuwa ya ji ƙarar sanda kawai ya runtse ido ya duƙe, sai jiniya ce ta gaya masa abin da ya faru. 'Yan wasanmu da suka yi wata guda suna neman raga da fitila, yau kowa na cewa a ba shi ya ɗana. Har wani mai tsaron baya da bai ci ƙwallo ba tun yana makaranta ya ci, ya tsaya yana kallon sandarsa.

"Tsaya a tsaye kawai!" kocin Hankaki ke ihu. "Kar ka yi komai! Faɗinka ya isa!"

Ina! Ai gwani ba ya tsayawa haka kawai.

Can Hankaki suka taso da fushi suka yi wa ragarmu ca. Tsoho Armand ya tare ta sama, ya tare ta ƙasa, ya kama ta uku, ya ajiye ta a gabansa ya share ta da sanda don kawai ta yi nisa ya samu ya numfasa. Ƙwallo ta ratsa tsakiyar fili, ba kowa a hanyarta. Tana tafe a hankali, tana rage gudu, ko tsohuwa mai sanda za ta tare ta.

Orest ya ga dama ta samu. Wannan kam tasa ce, kuma daga hannun Armand! Ya fito daga raga da taƙama, ya ɗaga sanda zai maka ta har bangon can. Sanda ta daki iska, ƙafafu suka yi sama, Katangar Korvik ta zube rigingine. Ƙwallo ta bi ta ƙarƙashin ƙafafun da ke sama, ta lallaɓa ta tsallake layi, ta kwanta a cikin raga.

Gola ya ci ƙwallo! Abin da wasu ke tsufa su mutu ba su gani da idonsu ba. Fili ya nemi rushewa. Duk 'yan wasanmu suka yi kan Armand suka danne shi, Myrna tana kuka tana rungumar mutanen da ba ta sani ba, Merv ya jefa hularsa bai sake ganin ta ba.

Kocin Hankaki ya tofar da cingam ɗinsa, ya yafito Orest da hannu. "Fito."

"Yallaɓai, wa zai shiga?"

"Babu. Fito dai."

Aka bar ragar wayam, aka ƙara ɗan wasa a gaba. Kuma ka ji ikon Allah, har aka tashi ba a sake cin Hankaki ba, don sau biyu ƙarfen raga yana mayar da ƙwallo.

Washegari mun ɗauka ba zai zo shagon Myrna ba. Sai ga shi yana ɗingishi, ya zauna a gefen kujera don bayansa bai yarda da zama sosai ba. Kafin kowa ya buɗe baki ya riga mu.

"Da gangan na yi. Ku kuna tsammani zan tare wa Hankaki ƙwallo? Kishin gari ne ya sa. Ba don ni ba da yanzu kuna gida kuna kuka. Kuma maganata tana nan, tsohon nan sa'a ce kawai ta..."

Ƙararrawar ƙofa ta kaɗa. Armand Tessier ne da kansa, ya shigo yana kakkaɓe ƙanƙara daga kafaɗa. Ya gaisa da kowa, ya zo ya tsaya a kan Orest, ya sa hannu a aljihu ya fito da ƙwallon jiya, wadda aka ba shi ya ajiye don tarihi.

"Ina kwana, abokin aiki," ya ce a hankali. "Ya jiki?"

"Da sauƙi," in ji Orest, yana kallon cikin kofinsa.

Armand ya kamo hannunsa, ya buɗe tafin, ya ɗora masa ƙwallon a kai, ya naɗe masa yatsu.

"Ba kyauta ba ce, zan karɓi abata. Na ga jiya har aka tashi ba ku gaisa da ita ba. Riƙe ta kaɗan, ko ka samu na faɗa wa jikoki cewa ka taɓa taɓa ta."