Rasuwar Mai Naci a Yashin Berrugas

Da zuciyar da baƙin ciki ya cika har wuya, da hannuwan da har yau ba su daina ƙaiƙayi ba, ni Anselmo Berrío, masunci a ƙauyen Berrugas, nake sanar da 'yan'uwa da maƙwabta da duk wanda ya taɓa cin kifin da ya fito daga cikinta, rasuwar jirgin kamun kifina na faiba, irin wanda ake ƙerawa da ƙyallen gilashi da ƙaro, La Porfiada, wato Mai Naci. Jirgi ne, amma bakina bai taɓa iya ce mata "shi" ba. Ta riga mu gidan gaskiya ranar Talata da tsakar rana, a kan yashin da ke gaban gidana, tana da shekara talatin da huɗu a duniya, bayan doguwar jinya da lafiya ta rabin yini.

Marigayiya ba kyakkyawa ba ce. Hancinta a karkace yake zuwa hagu tun daga wurin ƙira, kuma idan ta ga dama sai ta watsa wa mutum ruwa a fuska ko da teku a kwance take. Ni da Telésforo Meléndez muka kawo ta daga garin Tolú lokacin da muke da sauran baƙin gashi. Kompa nake ce masa, shi ma haka yake ce min, tun ranar da na riƙe 'yarsa Yarledis a coci aka yi mata baftisma. Shekara ashirin da bakwai muna fita tare, shi a baya yana riƙe da inji, ni a gaba da fatsa. Ta sha dawo da mu hannu wofi, amma ba ta taɓa ƙin dawo da mu ba. Ita ta kai matata Candelaria zuwa Tolú tana naƙuda a shekarar da ruwa ya cinye hanya. Muryar marigayiya kuwa, wanda ya sani ya sani: fas, fas, fas, tana marin ruwa kamar mai jin haushinsa.

Jinyarta ta fara ne da ta Candelaria. Na jawo ta gindin mangwaro, na ɗora ta kan gungume, na lulluɓe da tamfol, na ce sai matata ta warke. Matata ba ta warke ba. 'Ya'yanmu biyu suna nesa, sai Kirsimeti nake jin muryarsu. Shekara shida Mai Naci tana nan a lulluɓe, kaji na yin ƙwai a hancinta, ni kuma ina jefa koma a bakin gaɓa in samu na miya.

Bara ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kama Telésforo. Ya ɗauke masa hannun hagu da ƙafa, ya karkace masa baki, ya bar masa harshe, wanda da shi ya kamata ya fara ɗauka. Shi ma shi kaɗai ne a gida, don Yarledis tana aikin jinya a birnin Barranquilla. Kullum da safe sai in turo shi a keken guragu zuwa gindin mangwaron nan mu sha baƙin kofi. Wata safiya ya nuna tamfol da haɓa.

"Kompa, wannan gawar da ka lulluɓe, sai yaushe za ka binne ta?"

Na ce, "Ba gawa ba ce. Hutawa take."

"To tashe ta. Ni ba zan mutu ina leƙen teku daga nesa kamar ɗan yawon buɗe ido ba."

Ban taɓa gyaran faiba ba a rayuwata, sai 'yar tsaga da nake toshewa. Da na sa zarto na buɗe daɓen cikinta, wari ya buge ni. Katakan da ke riƙe da ita daga ciki, haƙarƙarinta ke nan, sun zama baƙar dusa, da cokali na riƙa kwashe su. Allon baya inda ake ɗaure inji, yatsa na danna ya shige. Sati uku ina gurzar cikinta da injin gurza. Ƙurar faiba ta shiga min ko'ina, har inda ba a faɗa a takardar ta'aziyya. In yi wanka da ruwan sanyi, in shafa man kwakwa, in kwana ina susa.

Ranar da na fara dama ƙaron da ake jiƙa ƙyallen faiba da shi, na zuba maganin da ke sandarar da shi fiye da ƙima. Kafin in tsoma buroshi gwangwanin ya yi zafi, ya fara hayaƙi, na yi jifa da shi cikin yashi. Telésforo ya yi dariya har yawu ya zubo masa a riga.

"Ɗigo-ɗigo aka ce, jaki! Miyar kifi kake dafawa?"

"To taso ka dama."

"Da ina da hannu biyu, ai da tuni muna teku."

Hannu ba shi da shi, amma yana da kunne. Duk inda na gama shimfiɗa ƙyalle ya bushe, sai in bi wurin da ƙotar cokali ina ƙwanƙwasawa, shi kuma ya rufe ido yana saurare. Idan ta ce ƙwas, ƙwas, wurin ya kama. Idan ta ce kuf, akwai iska ko ruwa a ƙarƙashi. Sabon allon bayan da na kwashe wata guda ina haɗawa, ya saurara sau biyu ya ce, "Ƙarya take yi maka. Katakon bai bushe ba ka rufe." Na yi ta musu har rana ta yi tsaka. Washegari na sa kurfi na ɓamɓare, na tarar da danshi kamar yadda ya faɗa. Na sake daga farko.

Ina shaida wa jama'a cewa waɗannan watanni goma sha ɗaya na gyara su ne mafi daɗin da na gani tun rasuwar matata. Ina da abin da zan tashi domin shi, ina da wanda zai zage ni. Da rana in dafa mana shinkafa da madarar kwakwa, in soya agade, in yayyanka masa nasa ƙanana. Marigayiya ta samu sabbin haƙarƙari, sabon daɓe, sabbin bencina. Ta fara kama da kanta.

A lokacin Ista Yarledis ta zo. Ta duba ƙafar mahaifinta da ta kumbura, ta duba magungunan da yake mantawa, ta ja ni gefe. Padrino take ce min, wato ubanta na baftisma.

"Padrino, na gode da duk abin da kake yi, amma kai ma ka tsufa. Ƙarshen Yuli zan zo in tafi da shi wurina."

Na ce, "Ki bari in gama jirgin tukuna."

"Ƙarshen Yuli, Padrino."

Yanzu na zo ga abin da ya yi ajalinta, kuma ba zan ɗora wa teku laifin da ba nata ba. Saura kwana tara Yarledis ta dawo, da sassafe kafin in ɗauko Telésforo, ina ƙwanƙwasa gindinta kusa da ƙashin baya, daidai ƙarƙashin bencin gaba, sai na ji kuf. Na sake. Kuf. Wurin bai fi tafin hannu biyu ba. Gyaran gaskiya shi ne in fasa sabon daɓen, in gurje, in bari ya bushe sati uku. Na zauna a yashi na daɗe. Sannan na tashi na shafe wurin da ƙaro ta waje, na goge da samfefa, na bi da shuɗin fenti.

Ranar gwajin ƙarshe ina bin jikinta da cokali, da na iso wurin sai na ɗaga hannu na tsallake. Telésforo ya buɗe ido ɗaya ya dube ni. Ya mayar ya rufe.

Ya ce, "Wuce gaba."

Yarledis ta iso ranar Litinin. Da ƙyar ta yarda mu yi awa biyu a teku, kuma kada mu ɓace mata daga ido. Ranar Talata da safe maƙwabta suka gangarar da Mai Naci kan gungume zuwa ruwa, suka ɗauki Telésforo cak suka zaunar da shi a bencin baya, da rigar ceto da matasai ta kowane gefe. Na ja igiyar inji, ya tashi a ja na uku. Ya ɗora hannunsa mai lafiya a kan abin tuƙi. Muka wuce bakin itatuwan ruwa muka shiga teku.

Mun kama kifi ɗaya, siyera mai tsawon hannu. Shi ya ji cizon, ni na taya shi ja. Awa biyu ta wuce, na ce mu juya, ya ce saura kaɗan. Na biye masa. Iskar rana ta taso da wuri, teku ta fara tsalle, marigayiya ta shiga marin ruwa da muryarta ta da, fas, fas, fas. A mari na ban san nawa ba na ji wata murya da ban taɓa ji daga gare ta ba. Ƙaras. Ruwa ya fara ɓulɓulowa ta gefen daɓe.

Na ɗauki yankakken galan ina kwasa. Ina kwashe ɗaya, biyu na shigowa. Gari na can ƙanƙane, ga mutum mai hannu ɗaya da ƙafa ɗaya a bayana. Tsoro ya buɗe min baki.

"Kompa, na san da wurin. Na ji shi na rufe."

"Na sani, jaki! Kurma ka ɗauke ni? Kwashe ruwa!"

Ya rage wuta, ya riƙa ba igiyar ruwa kafaɗa maimakon ƙirji, yana lallaɓa ta kamar mai tafiya da tsohuwa. Ruwa ya kai min ƙwauri, ya kai gwiwa. Ta yi nauyi, ta daina mari, sai ja take da ciki. Amma ba ta tsaya ba. Da muka iso gaɓa wata babbar igiya ta ɗaga ta ta doka da yashi, ta tsage daga ƙashin baya har baki. Nan ta cika. Telésforo ya zame cikin ruwa, kansa ya nutse ya fito, yana tari yana dariya. Yarledis ta afka cikin teku da takalmanta.

Bayan an kai shi gida an sauya masa kaya, ta fito ta same ni a ƙofa, gaban mutane.

"Padrino, ka san akwai matsala a jirgin nan?"

Na ce, "Na sani."

Daga ɗaki Telésforo ya ɗaga murya ya ce shi ma ya sani, amma ba ta juya ba.

"Shi mara lafiya ne. Kai na bar wa amanarsa."

Gaskiya ta faɗa. Da safiyar Laraba mota ta tafi da su. Ruwan da ya shaƙa ya zama zazzaɓin ƙirji, aka kwantar da shi a asibiti. Na kira Yarledis sau bakwai ba ta ɗauka ba. Maƙwabtan da suka tura jirgin da hannunsu yanzu gaisuwa suke min daga nesa, kuma ban ga laifinsu ba.

Jiya ta kira da kanta. Ta ce zazzaɓin ya sauka, ga shi yana son magana, minti ɗaya. Muryarsa ta zo siririya, sai da na toshe ɗaya kunnen.

"Kompa. Kifin fa?"

"Na soya."

"Kai kaɗai ka cinye?"

"Ni kaɗai."

Ya yi numfashi, ya ce, "Ɓarawo."

Ta karɓe wayar. Ta ce zai rayu in Allah ya so, amma ba zai sake dawowa Berrugas ba, in taimaka in rufe tagogin gidansa in raba kajinsa. Na ce to.

Marigayiya ta rasu ta bar inji mai ƙarfin doki goma sha biyar, wanda ya sha ruwan gishiri amma ana sa ran zai tashi. Ta bar filafili biyu, da anga, da rabin gwangwanin shuɗin fenti. Ta bar Telésforo Meléndez a hawa na huɗu a Barranquilla, inda ake cewa daga taga sai rufin gidaje ake gani. Ta bar ni. Wanda ta taɓa jiƙa wa riga ya yafe mata. Allah ya ba mu haƙurin rashi.

Game da jana'iza: ƙasa ba ta cin faiba, hayaƙinta kuma guba ne, don haka ba binnewa ba ƙonawa. Ranar Asabar da ƙarfe bakwai na safe, kafin rana ta yi zafi, za a yanka ta gida huɗu a inda take kwance, amalanken jaki ya kai ta juji a bayan gari. Ba za a yi zaman makoki na kwana tara ba. Mai zuwa ya sa riga mai dogon hannu, ya ɗaure hancinsa da ƙyalle. Akwai kofi da dafaffen rogo. Ba sai an kawo komai ba, ba kuma sai an yi min magana ba. Sai an kife ta kafin zarto ya shiga, kuma mutum biyu sun isa. Na gwada ni kaɗai jiya da shekaranjiya, ba ta motsa ba.