Ranar da Na Yi wa Mota Jego

Ko zan manta da komai, ba zan taɓa mantawa da ranar sunan ɗan 'yata Rakiya ba. Kunyar da na sha ran nan, ko ranar da aka kai ni ɗakin miji ban sha irinta ba.

A unguwarmu a Dungas, in mace ta haihu ni ake kira wankan jego, kuma an san ba na wasa. Ruwa ya tafasa, kunun kanwa da zafinsa, taga a rufe, kunne a ɗaure. Ban taɓa zama a lakwal, makarantar boko, ba, amma abu ɗaya na riƙe tun daga kakata: jikin da ya ɗauki zafi, in sanyi ya shige shi, sai abin da Allah ya yi. Yaran unguwa in sun hango ni gyara tafiya suke yi. (Ba na duka. Kallo kawai nake yi.)

Ɗana na fari direba ne. Ba za ku ji sunansa a bakina ba, kun dai san ɗan fari. "Mai motar" nake ce masa. Ban taɓa yaba masa a gaban mutum ba, ban taɓa tambayarsa ko ya ci abinci ba, sai dai in leƙa kwanon bayan ya fita. Yana da wata tsohuwar mota da yake kai 'yan kasuwa ƙauyuka. Da bazara ta kankama sai ya ce ba ta ja a rairayi, wai injin yana shaƙar iskar da shi da kansa ya dafa a ƙarƙashin kapo, wato murfin inji. Kwana uku yana tsugune a ƙofar gida da tiyon roba irin na ruwa, yana gasa shi a garwashi yana lanƙwasawa, ya naɗe mahaɗar da robar tsohuwar taya, ya fito da bakin tiyon ta gefen fitila. 'Yan tasha suka raɗa wa motar Mai Hanci. Malam Idi bakanike ya rantse in ta kai Guci da wannan abin, shi zai daina taɓa ƙarfe. Ni dai na ga tuwon yaron ya fara dawowa da saura.

Ana gobe suna, ina tankaɗe a tsakar gida, na ji shi ta bayan zana yana yi wa matarsa bayani, wai tiyon nan iska mai sanyi yake kai wa motar har cikin cikinta. Ni na sha taɓa kapon nan in ya dawo daga aiki, zafi kamar tukunyar ɗanwake. Abin da ke ci da shi da iyalinsa ke nan zai ɗura wa sanyi? Tambayarsa kuwa ba zan iya ba. Da safe, da ya shiga karyawa, na waiga ba kowa, na jawo tsumman da ya fi kusa da hannuna a bayan ɗaki, na cusa a hancin, na danna da muciya har ya ɓace, na yi bismilla na tofa. Na koma ciki ina jin kaina kamar wadda ta ceci rai.

Mu bakwai muka shiga, duk mata, da buhun gero da kanwa da kayan barka, za mu Guci inda 'yata Rakiya take aure. Cikinmu har da Ladi, taubashiyata, 'yar kawuna, wadda tun muna 'yan mata bakinta bai taɓa hutawa a kaina ba. Ni ce a gaba, na haɗe rai kamar yadda ya dace da uwar mai jego.

Tun ba mu bar gari ba motar ta fara tari. Baƙin hayaƙi a baya, gaba kuwa ba sauri. Sau uku yana tsayawa, ya goge buji, wato fulogi, ya busa tiyon mai, ya leƙa hancin bai ga komai ba (muciyata ba ta aikin banza). Amalanken jaki ya wuce mu, mai jakin har da yi mana sannu. Abin da ya fi ba ni haushi da kaina yanzu shi ne, wallahi ko sau ɗaya ban kawo tsummana a rai ba. Cewa nake yi sanyin kwanakin baya ne ya riga ya kama ta, na makara.

A bakin kasuwar Guci ta mutu murus, ranar kuwa kasuwa na ci. Mutane suka taru. Sai ga Malam Idi, wanda yakan kafa rumfa a can ran kasuwa, ya taho yana goge hannu yana murmushi. A nan ne ni, da ba na yi wa yaron magana a gaban jama'a, na fito na gyara mayafi.

"Mota na zaman lafiyarta, ka je ka huda mata hanci," na ce. "Ga shi ka tsayar da iyayenka a rana, surukai na jira. Duk abin da ya same ta hannunka ne."

Ya sunkuyar da kai. "Haka ne, Inna. A yi haƙuri."

Malam Idi ya kwance tiyon ya ce a tayar. Bugu ɗaya ta tashi. Kasuwa ta ɗauki dariya. Ya ɗaga tiyon sama yana nuna wa direbobi, yana cewa ga boko ga aiki, sai kuma ya kanga shi a ido ya ce shi bai ga haske ba. Ya zura waya ya fara ja. Jan ƙyalle ya leƙo. Ya ja, ya ci gaba da fitowa. Sai ga koren faci, ɗinkin hannuna, sai ga igiyar ƙugu. Jama'a, tsohon fatarina ne, wanda ko mahaifin yaran nan bai taɓa gani da rana ba. Malam Idi ya baza shi da hannu biyu yana juyawa.

Yaron ya yi wuf ya karɓe, ya dunƙule a aljihu, ya ce tsumman goge inji ne, shi ya manta shi a ciki. Na saci kallon Ladi. Ta san facin nan sarai, ita ta ba ni ƙyallen. Ta buɗe baki, ta dube ni, ta rufe. Tun da aka haife ta ban ga ta yi haka ba.

Da na yi shiru, da asirina ya rufu. Amma ina jin Malam Idi yana tambayar mutane, direban da zai manta tsumma a hancin motarsa, wa zai ba shi ransa ya ɗauka? Matan da ke shiga motar kullum suna tsaye suna saurare. Shi kuwa yaron ya tsaya zai haɗiye, kamar yadda ya haɗiye faɗana.

"Malam Idi, nawa ne," na ce. "Ni na toshe. Tsoro na ji kada sanyi ya kama ta. Aikinsa ba laifi."

Wannan "ba laifi" ɗin shi ne yabo na farko da ya taɓa ji daga bakina, kuma a tsakiyar kasuwa, fatarina na leƙe daga aljihunsa. Sai Ladi ta kasa daurewa.

"Ashe jego kika yi wa mota, uwar iya? To saura kunun kanwa, a zuba mata a tanki."

Har masu awon gero sai da suka bar mudu suka zo kallo. Aka mayar da tiyon, motar ta ja mu kamar ba ita ba. Ko ya ƙara mata ƙarfi ban sani ba, shi dai ya ce ya ƙara. Malam Idi kuma har yau yana taɓa ƙarfe. Labari ya riga mu isa gidan suna. Uwar mijin Rakiya ta tare ni da fara'a, ta ce sannu da ɗawainiya, yaya mai jegon waje? Kwana arba'in na yi a gidan, kullum sai an tambaye ni jikinta.

Da na dawo, yaron ya zo ya durƙusa daga nesa, ya ce ko akwai tsohuwar rariya, yana so ya rufe bakin tiyon da ragarta saboda ɓeraye. Na ce ɓerayen unguwar nan kam ba su da ta ido. Na ɗauko masa sabuwar, ba tsohuwar ba. Bai dube ni ba, ban dube shi ba, amma kafaɗunsa rawa suke yi.

Har yanzu in ya ajiye motar nakan zagaya in duba ta, sai dai hannuwana a baya. Na koyi cewa ba kowane mai zafin jiki ne mai jego ba. Ke kuma 'yar'uwa, in har za ki yi taimako a ɓoye, ki duba tsumman da kika ɗauka tukuna.