Ƙyallen Tace Madara

Har in tsufa ba zan taɓa mantawa ba da hutun bazarar da na yi a garken Gwaggo, kusa da Azarori. Ina kolej a lokacin, kuma kunya ta yi mini yawa: ko mushe, malaminmu, ya kira sunana a aji, sai muryata ta maƙale. Amma fa ido gare ni. Ƙuda ya sauka a kunnen maraƙi, na gan shi.

Gwaggo, yayar babana, tana da shanun tatsa, kuma kullum da hantsi mai moto yana kai madararta Madawa. Abin da ya fara ba ni mamaki, ban taɓa ganin ta taɓa hantsar saniya ba. Kowa da aikinsa: masu tatsa, mai ban ruwa, mai wanke bido, wato jarkokin madara. Ita tana kan tabarma ƙarƙashin itacen bedi, tana kallon shanu. (A raina na ce: wannan ai hutu ne.)

Washegarin zuwana ta miƙo mini farin ƙyallen da ake tace madara da shi. "Wanga naki ne, ɗiyata. Yadda kika ga dama."

Ni kuwa ban ga dama ba. Da wane sabulu zan wanke? Na tambaye ta. A ina zan shanya? Na tambaye ta. Sai ta ce "hmm" kawai.

Ranar da abin ya faru, harawa ta kusa ƙarewa, damina kuma da saura. Likitan dabbobi ya zo, da wani dillali daga Buza. Dole a sayar da wasu shanun don sauran su samu abinci, kuma dillalin yana son Baraka, jar saniyar da Gwaggo ta fara garken da ita.

A daidai lokacin na ɗaga ƙyallena a rana, na ga huda, ba ta kai ƙwayar gero biyu ba. Masu tatsa sun cika bokitai suna jirana. Na ce su dakata, na ruga wurin Gwaggo.

Na tarar da su a kan tabarma. Gwaggo tana magana a hankali, ba takarda, ba kayen rubutu. Ta ambaci kowace saniya da sunanta: wadda ke da ciki, wadda nononta ya ja baya tun bara, wadda uwarta ta jure fari. Likita sai gyaɗa kai yake. Ta dubi Baraka ta daɗe. Ta buɗe baki ke nan, sai ga ni tsakiyar tabarma (da takalmi!), na ɗaga ƙyalle sama kamar tuta.

"Gwaggo, ya huje. In ɗinke ko in sake wani?"

Ni da ba a jin muryata, ranar har shanu sun waiwayo.

Dillali ya kwashe da dariya. "Hajiya, a dakata da maganar shanu, ga babbar shari'a ta taho!"

Gwaggo ba ta yi dariya ba, ba ta ko dubi hudar ba. "Ɗiyata, yau ni ina zaɓen wadda za ta ci da wadda za ta tahi. Ƙyalle kuwa yana da mai shi. Ki tambaye ta."

Na tsaya ina waige, ina neman mai shi. Sai da likita ya nuna ni da bik ɗinsa na rubutu.

Kafin in koma, mai moto ya gaji ya tafi, madara kuwa ta sha rana ta fara tsinkewa. Ranar kowa a gidan ya sha nono har ya ƙi. Da la'asar aka ja Baraka da wasu biyu. Gwaggo ta raka ta har bakin hanya, ta dawo ta tambayi mai ban ruwa labarin rijiya, muryarta ko rawa ba ta yi ba. Sauran shanun duk sun ga damina.

Hudar kuwa, allura sau uku ta ishe ta. Tun ranar, in an ba ni abu aka ce nawa ne, nakan fara tambayar mai shi, tunda yanzu na san ta.